Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Ka Tambayi Kwastoma Kafin Ka Fara Zane

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Ina gaida masu bin mu daga cikin garin Daura, da Sandamu, da Zango, da Ɓaure, da Mai'aduwa, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka. Yau hirar tamu da masu sana'ar zane ce. Idan na ce zane, ina nufin mai haɗa fosta da katin biki a waya ko kwamfuta, da mai yin tambarin kasuwanci, da tela, da kafinta, da mai zana gida. Duk wanda ake kawo wa aiki a ce "yi min abu mai kyau", to da shi nake.

Ni sana'ata ke nan, allon shago da katin gayyata da fosta, a nan Daura. Abin da nake so mu tattauna shi ne: me ya sa yaro zai iya Canva, ya iya PixelLab, ya iya CorelDraw, hannunsa da kyau, amma duk wanda ya yi wa aiki sau ɗaya ba ya dawowa?

Maganar tana da muhimmanci yanzu fiye da da, domin garin nan yana sauyawa a gaban idonmu. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019. A Disambar wannan shekarar aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya biyo ta Daura. Ɗalibai sun shigo, ma'aikata sun shigo, ana buɗe wuraren abinci da shagunan POS da gidajen haya da makarantu masu zaman kansu. Kowannensu yana buƙatar allo, yana buƙatar tambari, yana buƙatar talla. Aiki ya zo har ƙofar gida. Amma ku lura, manyan ayyukan da yawa Kano ake kai su, ko Katsina. Na sha tambayar masu kai aikin, kuma amsar kusan iri ɗaya ce: "Yaranmu sun iya, amma sai ka faɗa musu abu su yi maka wani abu daban."

To, a ganina a nan matsalar take. Muna fara aiki tun kafin mu san aikin.

Kwastoma zai turo saƙo: "Ina son fosta." Kafin ya ajiye waya, ka riga ka buɗe manhaja, ka ɗauko samfurin da ka yi wa wani makon jiya, ka sauya suna da hoto, ka tura. Sai ya ce bai yi ba. Ka sauya kala, ya ce bai yi ba. Ka ƙara fure, ka ƙara walƙiya, ya ce har yanzu da saura. A karo na bakwai ranka ya ɓaci, shi ma nasa ya ɓaci, ka hau Facebook ka rubuta cewa kwastomomin Arewa ba su san darajar aiki ba. Alhali mutumin nan ba a taɓa zama da shi minti goma an tambaye shi me yake son fostar ta yi masa ba.

Abin mamakin shi ne, iyayenmu masu sana'a ba haka suke yi ba. Ku dubi maginin gargajiya. Kafin ya aza tubali ɗaya, sai ya zauna da maigida. Iyalinka nawa? Akwai tsohuwa a gidan da ke buƙatar ɗaki kusa da tsakar gida? Kana da almajirai da za su riƙa karatu a zaure, ko zauren na baƙi ne kawai? Da dabbobi? Ina za a sa rumbu? Sai ya duba alƙibla, domin kada makewayi ya fuskance ta. Ya duba inda ruwa ke gangarawa, domin ya san inda indararo zai zuba, kada a shiga haƙƙin maƙwabci. Ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, shi ake ƙara wa kulawa. Ya san azara, wadda ake samu daga giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar faɗi mai yawa. In maigida na son soro mai faɗi, sai an yi masa bakan gizo, kuma kuɗin ya ƙaru, kuma tun farko ake gaya masa. Bayan duk wannan sai a shata gidan a ƙasa, maigida ya taka da ƙafarsa, ya ce a matsar da nan, a ƙara can. Gyara a wannan lokacin share ƙasa ne kawai. Gyara bayan an tada bango kuwa, rushewa ne.

Haka babbar riga. Kafin allura ta taɓa shadda, akwai mai zane da zai fitar da aska takwas ko aska biyu a jikin yadin, a gani, a yarda, sannan mai ɗinki ya duƙufa makonni a kai. Tela ma, komai gwanintarsa, ba ya ɗora almakashi a kan gezna sai ya yi awo, ya rubuta a littafi, ya yi alama da alli. Ya san in ya yanka, ya yanka ke nan.

Turawa sun zo sun tsara wannan abu a rubuce. Wata hukumar zane a Ingila ta fitar da wani tsari wajajen 2005 mai matakai huɗu: ka bincika, ka tantance ainihin matsalar, ka gwada hanyoyi, sannan ka kammala ka miƙa. Ana koyar da shi a jami'o'i. Amma wallahi duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohon magini ko tsohon tela ya ga matakan nan da idonsa. Mu ne muka ɗauki manhaja muka bar tsarin.

Bari in faɗi yadda nake bi, mataki mataki, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Na farko, zama da tambaya. Tambayoyina biyar ne, ba na tsallake ko ɗaya. Wa zai ga abin nan? A ina zai gan shi, a waya ne, ko a bango, ko a bakin titi yana kan mashin? Idan ya gani, me kake so ya yi, ya kira ka, ko ya zo, ko ya san rana da wuri? Yaushe kake buƙatarsa? Nawa ka ware? Ku lura, babu "wace kala kake so" a ciki. Kala tana zuwa daga baya.

Na biyu, in dai abin na kafawa ne, ka je wurin. Gani ya kori ji. A nan zan ba ku misali.

Wani dattijo mai shagon maganin dabbobi a kasuwar Mai'aduwa ya zo wurina. Yana da allo da aka yi masa a wani wuri, da Turanci, haruffa ruwan gwal a kan fari, ga sunan shago mai tsawo. Ya ce, "Ɗana, so nake ka sake min irin wannan, amma ya fi shi kyau, irin na Abuja." Na ce, "To Baba, su wa ke saye a wurinka?" Ya ce yawanci makiyaya ne, da dillalan shanu, da mutanen da ke shigowa daga Nijar ta Kongolam. Na ce, "Suna karanta allon?" Sai ya yi dariya, ya ce, "Ai su da kwatance suke zuwa." Na ce, "To me ke damunka da har kake son sabon allo?" Ya ce idan wani ya tura ɗan uwansa, sai ya faɗa shagon maƙwabci, domin shagunan a jere suke kuma duk kama ɗaya.

Kun ji ainihin buƙatar? Da bakinsa ya ce allo irin na Abuja. Abin da ke cin sa kuwa, masu nemansa suna ɓacewa zuwa wani shago. Na je kasuwar ranar da take ci, na tsaya daga nesa, ga ƙura, ga shanu, ga motoci. Allonsa ba ya ganuwa sam, rana ta haske gwal ɗin. Abin da muka yi masa: hoton farin bijimi babba mai dogayen ƙaho a kan kore mai duhu, kalmomi biyu, "Maganin Dabbobi", da boko da kuma ajami a ƙasa, sai lambar waya da manyan lambobi. Da ya ga zanen farko ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ba ado?" Na ce, "Baba, mu liƙa shi a takarda mu koma can nesa mu duba." Muka duba tare, ya yarda. Daga baya ya gaya min yanzu kwatancen ya zama "shagon mai farin bijimi". Da na yi masa abin da ya faɗa kawai, da ya biya kuɗi sau biyu a kan matsala ɗaya.

Na uku, ka rubuta abin da kuka yi magana a kai, ka tura masa. Ba sai doguwar takarda ba, saƙon WhatsApp ya isa: aikin kaza, girmansa kaza, rubutun da za a sa shi ne kaza, za a gama ran kaza, kuɗi kaza, kafin alƙalami kaza, gyara sau biyu yana cikin kuɗin, na uku da ƙari. In ba ya karatu, ka yi masa saƙon murya, shi ma ya amsa da murya. Wasu na jin nauyin wannan, musamman in babba ne ko ɗan uwa. Amma tun ran gini tun ran zane. Addininmu ma ya koya mana rubuta bashi da tsayar da sharaɗi a ciniki. Zumunci ya fi lalacewa a inda ba a yi magana a fili ba.

Na huɗu, zanen gwaji. Ka fitar da hanyoyi biyu ko uku masu bambanci na gaske, ko da biro ne a takarda, ka nuna. Kada ka kwana uku kana goge abu ɗaya, ka kamu da son sa, sannan ka kai. Mutum sau da yawa bai san abin da yake so ba sai ya ga abin da ba ya so. Kuma in za ka nuna, ka faɗi dalili: na ƙara girman kwanan wata ne domin shi mutane ke nema a katin ɗaurin aure, na rage hotuna ne domin a waya za a gani. Idan ka kawo dalili, hirar ta tashi daga "ni dai bai yi min ba" ta koma "zai yi aikin ko ba zai yi ba".

Na biyar, tantancewa kafin bugu, kuma a nan kuɗi ke ƙonewa. Kalar da ke fuskar waya haske ce, ta takarda tawada ce, shi ya sa shuɗin da ke walƙiya a wayarka yake fitowa a dushe. Ka buga ƙarami ka gani kafin ka buga kyallen talla mai faɗin bango. Hoton da aka turo ta WhatsApp kai tsaye an matse shi, in ka faɗaɗa shi fuskar mutum za ta dagule; ka ce a turo shi a matsayin fayil. Sannan haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Salon haruffa da yawa ba su da su, sai su fito da ɗan akwati ko su koma b da d da k. Ka rubuta "Maraba da baƙi", a buga "Maraba da baki". A gaban taro wannan abin kunya ne.

Kuma mu a Daura akwai abin da ya fi wannan nauyi, wato suna da sarauta. Gari ne mai tsohuwar masarauta, kowa ya san matsayinsa. Lokacin Sallah da Hawan Magajiya, da lokacin Sallar Gani, da duk sanda aka yi naɗi, fostocin taya murna suna cika gari. Galadima daban, Ƙaura daban, Magajin Gari daban. Wane suna ne zai zo sama, hoton wa zai fi girma, wa ake sa wa Alhaji, wa ake sa wa Malam ko Dakta, duk ba abin da za ka yanke da kanka ba ne. Katin biki ma haka: iyalan wa za a fara ambata, marigayi ne ko yana raye. Kuskure ɗaya a nan yana iya haɗa gida biyu faɗa, kuma kai za a nuna. Saboda haka ka tura zanen ƙarshe, ka ce a karanta kowane suna, a nuna wa babban gida, a amsa maka da "na duba, a buga". Sai ka ajiye amsar.

Na shida, bayan ka miƙa, ka waiwaya. Bayan mako biyu ka kira: Hajiya, ya takardar da muka liƙa a robar turaren, tana riƙewa ko mai yana ɓata ta? Kiran minti ɗaya ne, amma daga nan ake samun aiki na biyu, daga nan kuma kake koyon abin da babu shi a YouTube.

Akwai wani abu da nake so ku riƙe: wanda ya biya kuɗi ba kullum ne shi zai yi amfani da abin ba. Misali biyu daga waje. A Masar, a shekarun 1940, gwamnati ta ba wani shahararren mai zanen gine-gine, Hassan Fathy, aikin gina sabon ƙauye kusa da Luksor, domin a taso mutanen Gurna daga kan tsoffin kaburburan Fir'aunoni inda suke zaune. Ya yi gini da tubalin ƙasa, mai kyau, mai sanyi, har yau ana karanta aikin a makarantu. Amma mutanen ba su nemi a tashe su ba, abincinsu yana can inda suke, sai da yawa suka ƙi komawa, aikin ya tsaya ba a kammala ba. Gwamnati ce ta ba da aiki, amma masu zama a ciki suna da tasu buƙatar.

Na biyun a nan kusa ne, Dandaji, a jihar Tawa ta Nijar. Mutanen garin suna son sabon masallaci babba domin tsohon ya lalace. Masu zane biyu mata, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka zauna da mutanen gari. Aka gina sabon masallacin da bulon ƙasa da aka matse, tsohon kuma maimakon a rushe shi aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, da hannun maginan yankin. An gama a 2018, kuma aikin ya samu kyaututtuka a duniya. Gari ya samu masallacin da ya nema, ya kuma samu wurin karatun yara da mata.

Haka abin yake ko a ƙaramin aiki. Mai makaranta ne zai biya ka, amma iyayen yara ne za su karanta. Ɗan siyasa ne zai biya, amma mai tsaye a bakin tasha ne zai gani. Ka riƙa tambayar kanka, idon wa nake yi wa aikin nan?

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, kwastoman da zai ba ni dubu biyu, kuma yana so yanzu yanzu, ina lokacin duk wannan?" Gaskiya ne, ba kowane aiki ke buƙatar zuwa Mai'aduwa ba. Tsarin yana miƙewa yana tsukewa daidai girman aiki. Fostar barka da Juma'a tambaya biyu ta ishe ta. Amma tambayoyi biyar ɗin nan ba sa cin minti biyar. Ka auna su da gyara sau bakwai, da datar da za ka ƙona, da kyallen da za ka sake bugawa daga aljihunka. Sauri ya haifi nawa. Kuma mai saurare shi ke iya ƙara farashi, domin mutum yana biyan wanda ya ɗauke masa damuwa fiye da wanda ya jera masa kaloli.

Ku ma masu kawo aiki, ina da roƙo. Idan yaro ya tsare ku da tambayoyi, kada ku ɗauka bai iya ba ne ko yana ja muku rai. Wanda ya karɓa ya ce "an gama" ba tare da tambaya ɗaya ba, shi ya kamata ku ji tsoro. Ku zo da rubutunku a shirye, ku faɗi kuɗin da kuke da shi a fili, ku kawo aiki da wuri, kada a bari sai ana gobe biki ko ana jajibirin Sallah. Kuma in mutum biyar ne ke da ta cewa a gida, ku haɗa bakinku tukuna, mutum ɗaya ya yi magana da mai zane.

Aikin gida na wannan mako ga masu sana'a: aiki na gaba da za a kawo maka, kada ka buɗe manhaja sai ka yi tambayoyi biyar ɗin nan ka rubuta amsarsu. Ka gwada sau uku, ka ƙirga gyara nawa aka sa ka yi, ka kwatanta da na da.

A nan za mu dakata. Duk wanda ya san wani tela, ko kafinta, ko mai haɗa fosta da wannan zai amfana, ya tura masa. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu halal mai yalwa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.